Ƙullutun Bakin Farji Mai Yawan Komowa: Nazari a Kan Hanyoyin Ayurbeda na Magance Shi Ba Tare da Wuƙa Ba

1.0 Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da ke addabar mata akwai waɗanda kunya takan hana a ambace su, har sai sun kai ga hana zama da tafiya. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani ƙullutu da kan fito a gefe guda na bakin farji, ya kumbura, ya fashe ko a fasa shi, ya lafa na 'yan watanni, sa'an nan ya sake komowa. Macen da ta sha wannan wahala sau biyu ko uku takan tsani jin sunan tiyata, ta shiga neman maganin da zai raba ta da ciwon ba tare da an sa mata wuƙa ba. A ƙasar Indiya, wurin da irin waɗannan mata suka fi nufa shi ne wajen masana Ayurbeda, watau tsarin likitancin gargajiya na wannan ƙasa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin abin da Ayurbeda ta tanada game da wannan ciwo. Za a fara da bayyana cutar kamar yadda ilmin sassan jiki ya gano ta, sa'an nan a duba sunayen da littattafan Ayurbeda suka ba ta, da magungunan da suka zayyana. Daga nan za a kwatanta su da na asibiti, a auna ƙarfin hujjar kowane. Abin da nazarin zai nuna shi ne cewa tsofaffin malaman Ayurbeda sun gane sirrin komowar ƙullutun tun da daɗewa.

2.0 Mafarin Cutar

A gefe biyu na bakin farji akwai waɗansu ƙananan maɓuɓɓugai guda biyu, kowace ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. In aka ɗauki wurin kamar fuskar agogo, ɗaya tana daidai ƙarfe 4, ɗayar kuma daidai ƙarfe 8. Aikinsu shi ne fitar da ɗan ruwa mai yauƙi da ke sa wurin danshi. Kowace tana da siririn magudani mai tsawon kimanin santimita 2, wanda ta cikinsa ruwan yake bi ya fito. Ana kiransu maɓuɓɓugan Bartolin, saboda wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Denmak, Kasfa Bartolin ƙarami, shi ne ya bayyana su a jikin ɗan Adam a shekarar 1677.

Idan bakin magudanin ya toshe, ko saboda rauni, ko kumburi, ko kaurin ruwan kansa, maɓuɓɓugar ba ta daina aiki. Ruwa yakan ci gaba da taruwa a bayan toshiyar, magudanin ya buɗe kamar salka, ya zama ƙullutu. Yana iya tsayawa a girman gyaɗa, yana kuma iya kai girman ƙwan kaza. Muddin ruwan cikinsa mai tsabta ne, sau da yawa ba ya ciwo. Amma da zarar ƙwayoyin cuta sun shiga, sai ya rikiɗe ya zama maruru mai zafi da ja da zogi, wani lokaci har da zazzaɓi. An ƙiyasta cewa kimanin mata 2 cikin 100 sukan gamu da wannan a rayuwarsu, galibi tsakanin shekara 20 da 30 da haihuwa. A da an fi ɗora laifin a kan ciwon sanyi, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa ƙwayoyin cuta na hanji da na fata, waɗanda kowa yake ɗauke da su, su ne suka fi jawo shi. Saboda haka fitowar ƙullutun ba shaida ce a kan ɗabi'ar mace ko ta mijinta ba.

A nan ne dalilin komowar yake. In maruru ya fashe da kansa, ko aka tsaga shi aka matse mugunya, fatar wurin takan haɗe cikin 'yan kwanaki. Jakar tana nan, maɓuɓɓugar tana nan tana zubo ruwa, magudanin kuwa har yanzu a toshe yake. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Duk wani magani, na gargajiya ne ko na asibiti, da wannan ma'auni za a auna shi: shin ya samar wa ruwan mafita mai ɗorewa, ko kuwa ya kwantar da kumburin ne kawai?

3.0 Ayurbeda a Taƙaice

Kalmar Ayurbeda ta harshen Sanskirit ce, ma'anarta ilmin rayuwa. Ginshiƙanta manyan littattafai uku ne: na Caraka, wanda ya fi ƙarfi a kan maganin sha, da na Sushuruta, wanda ya shahara a kan fiɗa, da na Bagbata, wanda ya tattara na biyun farko wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga masu nazarin ɗibbun Larabawa. An fassara waɗansu daga cikin littattafan zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, kuma Ali bin Rabban Aɗ-Ɗabari ya keɓe wani sashe na littafinsa Firdausul Hikma, wanda ya kammala wajen shekarar 850, domin taƙaita likitancin Indiyawa.

Tushen tsarin shi ne cewa abubuwa uku ke tafiyar da jiki, ana kiransu dosha. Sunayensu vata, pitta da kapha, waɗanda za a iya kusanta su da iska, da zafi, da majina. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayar ɗaya ko biyu daga cikinsu. Har wa yau ana ganin jiki cike yake da hanyoyi da magudanai, kuma toshewarsu tana cikin manyan musabbaban cuta.

A yau Ayurbeda tana da gurbi a hukumance a Indiya. Ana yin digirinta cikin shekara biyar da rabi, akwai kuma fannin ƙwarewa a kan haihuwa da cututtukan mata. A shekarar 2014 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da ita da sauran hanyoyin gargajiya.

4.0 Sunayen Cutar a Littattafan Ayurbeda

Tsofaffin littattafan ba su ambaci maɓuɓɓugar Bartolin da suna ba. Caraka da Sushuruta kowannensu ya lissafa cututtukan farji guda 20, amma babu wadda ta yi daidai da wannan ƙullutu sak. Don haka malaman Ayurbeda na zamani sukan sa shi a ƙarƙashin ɗaya daga cikin sunaye uku.

Na farko shi ne granti, watau ƙulli. Kumburi ne zagayayye mai tauri, wanda Sushuruta ya kasa shi gida biyar: na iska, na zafi, na majina, na kitse da na jijiya. Ƙullutun da ba ya ciwo, mai girma a hankali, akan sa shi cikin na majina.

Na biyu shi ne vidradi, watau maruru mai zurfi. Wannan shi ne sunan da ya dace da shi bayan ƙwayoyin cuta sun shiga.

Na uku shi ne yonikanda, wanda ma'anarsa ta yi kusa da a ce rogon farji ko albasar farji. An bayyana shi a littafin Madaba na gane cututtuka, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 7 ko na 8, a matsayin kumburi mai siffar wani ɗan itace, mai ɗauke da mugunya da jini. Daga cikin dalilan da aka ba shi akwai barcin rana, da yawan fushi, da aikin wahala, da yawan saduwa, da rauni na farce ko makamancinsa. An kasa shi gida huɗu: na iska mai kaushi da tsagewa, na zafi mai ja da ƙuna da zazzaɓi, na majina mai ƙaiƙayi, da kuma wanda ya haɗa alamomin duka. Mai lura zai ga cewa na zafi ya yi kama da marurun Bartolin ƙwarai, kuma ambaton rauni ya dace da abin da aka sani a yau game da toshewar magudani. Barcin rana da fushi kuwa sun fito ne daga ra'ayin dosha.

5.0 Hanyoyin Magani

Sushuruta ya kasa rayuwar kowane kumburi mataki uku: ɗanye, mai nuna, da nunanne. Ya kuma jera matakai bakwai na jiyya bi da bi: lallaɓa kumburin da yatsa don ya narke, fitar da gurɓataccen jini, ɗaura masa haɗi mai ɗumi, tsaga shi, wanke gyambon, warkar da shi, da gyara tabon. Ukun farko na ɗanyen kumburi ne. Wannan tsari shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ke tafe, domin maganin da ba na wuƙa ba yana da lokacinsa, kuma lokacin yana wucewa.

5.1 Magungunan Sha

Maganin da aka fi rubuta wa mai granti shi ne kancanar-gugulu. Asalinsa yana cikin littafin Sharangadara na wajen ƙarni na 14, inda aka ambace shi domin ƙaluluwar wuya, da ƙulle-ƙulle. Ana haɗa shi da ɓawon itacen kancanar, ɗan uwan jirga da kalgo, da kuma gugulu, wanda ƙaro ne na wani itace dangin dashi. Ana ƙara masa citta, da masoro, da kirfa da waɗansu. A ra'ayin Ayurbeda yana kankare majina da kitse.

Na biyu shi ne tirifala, haɗin 'ya'yan itatuwa uku da aka shanya: amalaki, bibitaki da haritaki. Biyun ƙarshe dangin baushe ne. Wannan haɗi ne ya shiga ɗibbun Larabawa da sunan iɗrifal. In aka gauraya shi da gugulu akan ba masu maruru da basir. Akan kuma ba da darbejiya da gangamau da sunan tsarkake jini.

Tare da waɗannan akwai ƙa'idar abinci. Akan hana maras lafiya nono mai tsami, da kayan zaƙi, da maiƙo, da barcin rana, domin ana ganin suna ƙara majina. Akan umarce ta da abinci mai sauƙin narkewa da kayan ɗaci.

5.2 Magungunan Waje

A nan ne Ayurbeda ta fi yalwa. Akwai zama cikin ruwan magani mai ɗumi, akwai wanke wurin, akwai shafe, akwai cusa auduga da aka jiƙa da man magani, akwai kuma turare da gugulu ko ganyen darbejiya. Ruwan da aka fi amfani da shi shi ne na tirifala, ko na ɓawon itatuwa biyar da ake kira fancabalkala, waɗanda huɗu daga cikinsu dangin ɓaure da cediya ne. Duk suna da bauri irin na bagaruwa, wanda ke tsuke fata ya rage tsattsafo. Littafin Babamishira na ƙarni na 16 ya ambaci wankin tirifala da zuma domin yonikanda, da wani haɗi na jar ƙasa da ƙwallon mangwaro da gangamau. Waɗansu masu magani kuma sukan ɗora matsattsaku a gefen kumburin ya tsotse jini, bisa mataki na biyu na Sushuruta.

Daga cikin waɗannan duka, zama cikin ruwan ɗumi shi ne likitocin asibiti su ma suka yarda da shi. Shawararsu ita ce a zauna minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini, har kwana uku ko huɗu. Ɗumin yana rage zogi, yana kuma iya sa ƙaramin ƙullutu ya buɗe da kansa. Ɗumin ne ke wannan aiki, ko an zuba magani cikin ruwan ko ba a zuba ba.

5.3 Idan Kumburi Ya Nuna

Mai zaton Ayurbeda ba ruwanta da wuƙa zai sha mamaki a nan. Sushuruta ya yi kakkausan zargi ga likitoci iri biyu: wanda ya tsaga ɗanyen kumburi, da wanda ya ƙyale nunanne bai tsaga ba. Dalilinsa shi ne mugunyar da aka bari takan haƙa wa kanta hanya cikin nama, ta zama rami mai wuyar warkewa. Caraka ma, wanda ba a san shi da fiɗa ba, ya yi umarni da a fara gasa granti a matsa shi, in bai narke ba a tsaga a cire shi tare da jakarsa, a ƙone gurbin. Ya kuma yi gargaɗi cewa in aka bar ko ɗan guntu, zai sake girma a hankali. Wannan gargaɗi shi ne ainihin bayanin da aka yi a sashe na 2.0, ga shi an rubuta shi ƙarnoni da yawa kafin a haifi Bartolin.

Sai dai Sushuruta ya san akwai waɗanda ba za su jure wuƙa ba. Ya lissafa yara, da tsofaffi, da raunana, da matsorata, da mata, da kuma wanda ciwonsa ya fito a wuri mai haɗari. Ga waɗannan ya ba da hanyar fasa kumburi da magani mai ci. Cikin abubuwan da ya ambata har da kashin tattabara, wanda ilmin ƙwayoyin cuta ya isa ya hana kowa kusantar da shi ga gyambo a yau. Amma mafi muhimmanci a cikinsu shi ne kishara.

5.4 Kishara da Zarenta

Kishara gishirin toka ce mai ƙarfi. Ana ƙona wani tsiro, a jiƙa tokar, a tace, a dafa ruwan har ya ƙafe, kamar dai yadda ake tatar ruwan toka na miya, sai dai wannan ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, har tana cin nama. Sushuruta ya fifita ta a kan kayan fiɗa, domin a ganinsa ita kaɗai tana yanka, tana tsagawa, tana kankarewa. Ya kuma ambaci zaren da aka shafe da ita domin yanke ramin gyambo a jikin raunana da masu tsoro.

Wannan zare ya daɗe a cikin littafi kawai, sai a shekarun 1960 Farfesa P. J. Deshfande da abokan aikinsa a Jami'ar Hindu ta Banaras suka farfaɗo da shi, suka tsara yadda za a riƙa yin sa. Ana ɗaukar zaren lilin na fiɗa a shafe shi sau 21, ana shanyawa bayan kowace shafa. Sau 11 na farko da ƙaron wani tsiro dangin tinya da ƙerana. Sau 7 da ƙaron tare da tokar ƙaimin ƙadangare. Sau 3 na ƙarshe da ƙaron tare da garin gangamau. Ana zura shi cikin ramin ciwo, a ɗaure bakinsa biyu, a riƙa sauya shi mako-mako. Yana cin naman a hankali, mugunya tana bin sa tana fita, bayansa kuma yana warkewa.

Cutar da aka fi gwada zaren a kanta ita ce yoyon dubura, watau ramin da kan huda tsakanin cikin dubura da fatar waje. Hukumar Binciken Lafiya ta Indiya ta gudanar da gwaji a asibitoci da dama a kan mutum 502, aka buga sakamakonsa a 1991. Waɗanda aka yi wa zare sun fi daɗewa kafin su warke, mako 8 a maimakon mako 4 na masu tiyata. Amma cikin waɗanda aka bibiya har shekara guda, ciwon ya komo wa kashi 4 cikin 100 na masu zare, da kashi 11 na masu tiyata. Wannan nasara ce ta sa waɗansu likitocin Ayurbeda suka ɗauko dabarar zuwa ƙullutun Bartolin: ko su zura zare ta cikin jakar ya shiga nan ya fita can, ko su tsaga ta kaɗan su shafa kishara a cikinta don ta ƙone bangonta, sa'an nan su bi da man warkar da gyambo.

6.0 Kwatanci da Hanyoyin Asibiti

Likitancin zamani ya bi ta wata hanya dabam, amma ya iso kusan wuri ɗaya. An daɗe da gane cewa tsagawa da matsewa kawai ba su hana komowa, haka nan zuƙe ruwan da allura. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ma ba ya buɗe toshiya. Saboda haka aka ƙirƙiro dabarun samar da sabon baki.

Ɗaya ita ce wadda wani likitan mata Ba'amurke, Buford Word, ya fito da ita a shekarun 1960. Akan kashe zafin wurin da allura, a yi 'yar huda da ba ta wuce rabin santimita ba, a zura wani ɗan bututun roba mai balan-balan a kansa, a cika balan-balan ɗin da ruwa kaɗan don kada ya zame. Ana barinsa mako 4 zuwa 6. A cikin wannan lokaci fata takan tsiro ta lulluɓe hanyar, ta zama sabon magudani. Ta biyu ita ce a tsaga jakar a ɗinke bakinta da fatar waje, ta zauna a buɗe kamar aljihu. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan a kan mata kimanin 160, wanda aka buga a 2017, ciwon ya komo cikin shekara guda ga kashi 12 cikin 100 na masu bututu, da kashi 10 na masu ɗinki. Akwai kuma zoben roba da ake zurawa ya shiga ta wata huda ya fita ta wata, da kuma wani gishirin azurfa da ake sawa cikin jakar ya ƙone bangonta. Cire maɓuɓɓugar ɗungum shi ne mataki na ƙarshe, saboda yawan jinin da wurin yake zubarwa.

In aka jera waɗannan kusa da na Ayurbeda, kamannin a fili yake. Zaren kishara da zoben roba hikimarsu ɗaya: a hana huda rufewa har ta zama hanya. Shafa kishara da sa gishirin azurfa su ma manufarsu ɗaya: a lalata bangon jakar. Cirewa da jaka kuwa ita ce shawarar Caraka. Abin lura shi ne, duk hanyar Ayurbeda da ta taɓa tushen matsalar sai da ta huda fata. Sunanta ne kawai ba tiyata ba. Hasali ma bututun Word, wanda ake sawa cikin 'yan mintoci mace ta koma gida, bai fi zaren kishara kama da tiyata ba, kuma zaren ya fi shi yawan zirga-zirga.

7.0 Ƙarfin Hujja da Wuraren Hattara

Abin da aka buga a mujallun Ayurbeda game da wannan ƙullutu galibinsa rahoto ne a kan mace ɗaya ko 'yan ƙalilan, waɗanda aka ba magani kumburin ya sace. Irin wannan rahoto yana da rauni biyu. Na farko, ƙullutun yakan sace ko ya fashe da kansa ko ba a sha kome ba. Na biyu, cutar da halinta komowa ne ba a yanke mata hukunci da mako huɗu ko shida. Sai an bibiyi mai ita shekara guda ko fiye. Gwajin 1991 hujja ce mai ƙarfi, amma a kan dubura aka yi shi, kuma fatar farji ta fi taushi da saurin ƙonewa. Sushuruta kansa ya hana amfani da kishara ga mai ciki da mai haila. Tabon ƙuna a wannan wuri yana iya jawo zafin saduwa na dindindin.

Magungunan sha su ma suna da nasu haɗarin. Wani reshe na Ayurbeda yana sa ƙarafa cikin haɗinsa da gangan. A 2004 wani likita mai suna Robat Safa da abokan aikinsa suka auna magunguna 70 da suka saya a shagunan birnin Boston na Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko gubar asinik a cikin 14. A 2008 suka sake auna 193 da suka saya ta intanet, suka sami kusan kashi 21 cikin 100 da irin wannan gurɓata. Dalma kuwa tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, ga shi kuma cutar ta masu shekarun haihuwa ce. Gugulu ma ba a ba mai ciki, kuma yana iya rage ƙarfin waɗansu magungunan hawan jini.

Akwai hali huɗu da ba a tsayawa gwajin magani a gida. Na ɗaya, in akwai zazzaɓi ko jan ya fara yaɗuwa. Na biyu, in mace tana da ciki. Na uku, in tana da ciwon sukari ko wata cuta mai raunana garkuwar jiki, domin maruru a jikin irin waɗannan yana iya cin nama cikin sauri. Na huɗu, in ta haura shekara 40, ko kuma ƙullutun yana da tauri ba ya motsi. A wannan shekaru maɓuɓɓugar ta fara ƙanƙancewa, don haka sabon kumburi abin tuhuma ne. Sankarar wannan maɓuɓɓuga ba ta da yawa, amma da siffar ƙullutu take farawa, kuma ba a gane ta sai an yanki ɗan nama an auna. Watannin da aka ɓata ana shan garin magani su ne watannin da za a iya ceton rai a cikinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya kasa abin da Ayurbeda ta tanada kashi uku. Kashi na farko shi ne zama cikin ruwan ɗumi da tsabtace wuri, wanda yake da amfani ga ƙaramin ƙullutu, ba shi da tsada, kuma asibiti ta yarda da shi. Kashi na biyu shi ne magungunan sha da ƙa'idar abinci, waɗanda suka dogara ga ra'ayin dosha da rahotannin ɗaiɗaikun mata, ba a kuma nuna cewa suna buɗe magudanin da ya toshe ba. Kashi na uku shi ne kishara da zarenta, waɗanda suka nufi tushen cutar, amma aiki ne na ƙwararre a ɗaki mai tsabta, suna kuma jiran irin gwajin da aka yi musu a kan yoyon dubura.

Macen da ƙullutu ya komo mata sau uku tana da hujjar gudun a sake tsaga ta a matse kawai, domin wannan aiki ne da Caraka ya riga ya faɗi ƙarshensa. Tambayar da ta dace ta yi wa duk mai magani, na Banaras ne ko na asibitin garinsu, ita ce ta ina ruwan zai riƙa fita bayan kumburin ya sace. Ga ɗalibin da ke nazarin magungunan gargajiya kuwa, darasin shi ne ya koma ga abin da magabatan kowane tsari suka rubuta kafin ya karɓi abin da 'yan kasuwa suke faɗa da sunansu. A wannan mas'ala dai littattafan sun fi masu tallar su tsantseni.